Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: Rikicin awa guda da yadda ake kashe shi

Duk wanda ya haɗa Windows da Linux a cikin kwamfuta ɗaya a ƙasar nan, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Zai gama aikinsa a Linux, ya sake kunna kwamfutar ya shiga Windows, sai ya tarar agogon da ke kusurwar allo ya koma baya da awa guda. Ya gyara da hannu, ya ci gaba da harkokinsa. Washegari ya koma Linux, sai ya iske wannan karon gaba agogon ya yi, shi ma da awa guda cif, babu ƙarin minti babu ragi. Wasu su ce batir ne ya mutu, wasu su ce bairos ne ya shiga, wasu kuma su koma kasuwa suna cacar baki da wanda ya sayar musu da na'urar. A mafi yawan lokuta babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, agogonta ma yana tafiya daidai. Saɓanin fahimta ne tsakanin manyan manhajoji biyu, saɓanin da ya girmi yawancin ɗaliban da ke fama da shi a yau.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a shafin da aka saba tattauna siyasa da tsadar rayuwa shi ne, masu faɗawa cikin matsalar ƙaruwa suke yi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko injiniya ko lissafi, da ya yi nisa a karatu zai iske akwai ayyukan da suka fi tafiya daidai a Linux, alhali ba zai iya rabuwa da Windows ba, domin a can yake rubuta kundin kammala karatunsa, a can kuma manhajojin da malamansa suka saba da su suke. Sayen kwamfuta biyu kuwa sai wane da wane. Mafita ita ce a raba rumbun ajiyar kwamfutar gida biyu, a zuba Windows a ɗaki ɗaya, Linux a ɗayan, duk lokacin da aka kunna sai mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Ga kuma wani sabon dalili. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Da yawa daga cikin namu kuwa na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka. Masu irin waɗannan za su ƙara karkata ga Linux, kuma da wuya su saki Windows a rana ɗaya.

Wani zai ce awa guda ce fa, ga agogo a waya, ga na hannu, mene ne abin ɗaga hankali? Da mutum ne kaɗai ke duban agogon kwamfuta, da sai in yarda. Amma manhajoji sun fi mutum dubansa, kuma su ba sa leƙa taga su ga inda rana take. Duk fayil ɗin da aka adana sai an buga masa hatimin lokaci. A ce ɗalibi ya gyara babi na uku na kundinsa a Linux da ƙarfe 10:30, ya ajiye kwafi a filashi, ya koma Windows ya ƙara wasu gyare-gyare na minti ashirin. Wannan gyara na biyu zai fito da hatimin wajen ƙarfe 9:50, wato a ido ya girmi na farko. Ranar da zai kai wa malaminsa, sai ya duba wanda ya fi sabunta ya ɗauki tsohon. Idan kuma yana amfani da manhajar da ke kwafe fayiloli da kanta bisa wanda ya fi zama sabo, tana iya tsallake aikin da ya sha wahala a kansa, ko ma ta danne shi da tsohon.

Na san ɗalibar da ta zauna tana jiran ƙarfe biyu ya cika domin ganawar neman tallafin karatu ta intanet, wayarta na can wurin mai caji saboda rashin wuta, alhali a wajen masu jiranta ƙarfe biyu ya wuce tun da awa guda. Lambobin sirrin nan masu shida da wasu shafuka ke nema bayan kalmar sirri, waɗanda ke sauyawa duk bayan sakan 30, daga agogo ake lissafo su, don haka idan manhajar da ke samar da su a kan kwamfutar take, duk lambar da ta bayar za a ƙi karɓa. Tsarin tantance ma'aikata mai suna Kerberos, wanda manyan ofisoshi da jami'o'i ke amfani da shi, a bisa saitinsa na asali ba ya lamuntar saɓanin da ya wuce minti biyar. Mai manhajar kiran salla a kwamfuta kuwa, idan da ita ya dogara wajen sahur, to yana iya kai loma baki bayan alfijir ya keto.

Bari mu leƙa cikin na'urar. A jikin babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wata 'yar ƙwaya da aikinta kawai ƙirga lokaci, ko kwamfutar na kunne ko tana kashe. A yawancin kwamfutoci wani ɗan batir ne mai kama da kwabo ke ba ta wuta, mai lamba CR2032 da ƙarfin bolt 3. Kusa da ita akwai wani ɗan dutse da ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir. An zaɓi wannan adadi ne saboda idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15, ɗaya zai rage, sakan guda ke nan. Abin da ƙwayar ke riƙewa shi ne shekara da wata da rana da awa da minti da sakan. Shi ke nan. Ba ta rubuta cewa wannan ƙarfe taran na Kano ne, ko na Landan, ko na Makka. Lambobi ne tsura. Babbar manhaja idan ta tashi sai ta karanta su sau ɗaya, ta ci gaba da ƙirga nata, lokaci zuwa lokaci kuma ta koma ta rubuta wa ƙwayar abin da take ganin shi ne daidai. Fassarar waɗannan lambobi ce Windows da Linux suka saɓa a kai.

Kowacce da tarihin da ta gado. Kwamfutar IBM ta farko irin ta teburi, wadda ta fito a 1981, ba ta da wannan agogo mai batir sam. Duk lokacin da aka kunna ta sai manhajar DOS ta tambayi kwanan wata da lokaci, idan mutum ya yi ƙyuya ya wuce sai ta ɗauka ranar 1 ga Janairu, 1980 ce. A 1984 ne samfurin PC/AT ya zo da ƙwayar agogo ƙirar kamfanin Motorola mai lamba MC146818. A wancan zamani kwamfuta ta mutum ɗaya ce a kan teburi ɗaya, ba ta magana da wata, saboda haka babu abin da ya fi dacewa illa a saita ta da agogon bangon ofis. Windows a kan DOS aka gina ta, ta kuwa gaji wannan al'ada. Wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya yi bayani a 2004 cewa an bar abin a haka ne saboda masu Windows NT na farko-farko sukan haɗa ta da DOS ko Windows 3.1 a kwamfuta ɗaya, kuma saboda mutum zai rikice idan ya shiga saitin BIOS ya ga lokacin da ya saɓa wa na hannunsa. Abin dariya a nan, gudun rikicin agogo tsakanin manhajoji biyu ne ya sa aka ɗauki matakin da a yau yake haddasa rikicin agogo tsakanin wasu manhajojin biyu.

Ita kuwa Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, tsarin Unix ta bi. Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka aka ƙirƙiro ta a 1969, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie, domin manyan kwamfutocin da mutane da yawa ke amfani da su lokaci guda, daga baya ma daga garuruwan da agogonsu ya bambanta. A irin wannan hali ba za a ce lokacin garin wane za a bi ba. Sai aka tsara cewa na'ura ta riƙa ƙirga sakan-sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970 bisa lokacin duniya, ba za a juya shi zuwa lokacin gari ba sai za a nuna wa ɗan Adam. Manhajar kwamfutocin Apple ma daga wannan zuri'a ta fito, haka take yi. Domin a yi adalci, ita ma Windows ta yau a cikin cikinta da lokacin duniya take lissafi. Wajen karatu da rubutu a ƙwayar agogon nan ne kaɗai take komawa ga al'adar kakanni.

Lokacin duniyar nan shi ne ake taƙaitawa da UTC. Asalinsa taron da ƙasashe 25 suka yi a birnin Washinton a watan Oktoban 1884, inda aka amince layin da ya ratsa ta Girinwich a Ingila ya zama mafarin awon taswira. A yau agogunan atam ne ke riƙe da shi, amma ga mai amfanin yau da kullum shi da GMT ɗin da muka saba ji a gidajen rediyo ɗaya ne. Najeriya tana gaba da shi da awa guda tun 1919, haka ma Nijar da Kamaru da Chadi suke a yau.

Nan zan ɗan ratse, domin akwai abin da muka sani sarai amma ba mu cika haɗa shi da wannan magana ba. Kakanninmu da rana suke auna lokaci: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Wannan lokaci na gari ne na haƙiƙa, kuma kowane gari da nasa. Duniya tana juya digiri ɗaya a cikin minti huɗu. Tsakanin Sakkwato da Maiduguri akwai kimanin digiri takwas, shi ya sa a watan azumi mutanen Maiduguri ke shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato, alhali agogon hannunsu abu ɗaya yake nunawa. Shi wannan agogo na hannu an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya bi ta daidai Njamena. Wato ƙarfe 12:00 ɗin da Basakkwace ke gani ya fi kusa da tsakar ranar babban birnin Chadi a kan tasa. Lokacin da muke kira namu yarjejeniya ce ta hukuma, kuma hukuma na iya sauya shi. Sudan ta yi haka ranar 1 ga Nuwamba, 2017, ta mayar da agogonta baya da awa guda. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Misalin da na saba bai wa ɗalibaina shi ne na kishiyoyi biyu masu raba girki, ga agogon bango guda a tsakar gida. Uwargida ta tashi a gidan da ake saita agogo da lokacin gari. Amarya kuwa a gidansu da lokacin duniya ake saita shi, idan za a faɗi lokaci sai a ƙara awa guda da ka. Kowacce ranar girkinta sai ta dubi agogon ta ga an ɓata shi, ta gyara bisa tarbiyyar gidansu. Ba su taɓa haɗuwa ba balle su fahimci juna, domin ɗaya ba ta shigowa sai ɗaya ta fita. Maigida ne ke makara.

A lissafe ga yadda abin yake. A ce ƙarfe 10:00 na safe ne a Kano, wato 9:00 a lokacin duniya. Linux ta tabbatar da haka ta intanet, ta rubuta 9:00 a ƙwayar agogo, ta nuna maka 10:00 a allo. Ka fita ka shiga Windows. Ita kuma ta karanta 9:00, ta ɗauka lokacin Kano ne, ta nuna maka shi yadda ta same shi. Ka gyara da hannu, ko ita ta gyara idan ta samu intanet, sai ta rubuta 10:00 a ƙwayar. Ka koma Linux, ta karanta 10:00, ta ɗauka lokacin duniya ne, ta ƙara awa gudan Najeriya, ta nuna maka 11:00. Haka za a yi ta yi har illa masha Allahu.

Dukkansu biyun suna da hanyar tambayar lokaci ta intanet, ta wani tsari mai suna NTP da Farfesa David Mills na Jami'ar Delawaya ya assasa tun cikin shekarun 1980. Linux da zarar ta samu intanet take tambaya, kuma idan ta daidaita sai ta riƙa rubuta wa ƙwayar agogo duk bayan minti 11. Windows ba ta da wannan gaggawa, a tsofaffin fitowarta ma sau ɗaya a mako take tambaya. Shi ya sa an fi ganin matsalar a ɓangarenta. A ƙasashen da intanet ba ta yankewa, kuskuren kan gyaru kafin a ankara. Mu da ke sayen data da awo, kwamfuta na iya kwana uku ba ta leƙa intanet ba, agogon na nan a karkace.

Girman saɓanin kuwa daidai yake da nisan ƙasa daga lokacin duniya. Ɗalibinmu da ke Madina awa uku zai gani, na Khartum awa biyu, na Indiya awa biyar da rabi. Wanda ke Ingila ba zai ga komai ba a lokacin sanyi, sai daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da suke tura agogonsu gaba. Ɗan'uwanmu na zangon Kumasi ko Nima kuwa, zai yi shekaru da manhajojin biyu bai san ana wannan rikici ba, domin lokacin Ghana shi ne lokacin duniya. Layin Girinwich ɗin ma ta garin Tema ya ratsa kafin ya faɗa teku.

Kafin a sha magani sai a tabbatar da ciwon. Idan saɓanin awa guda ne cif, kuma yana zuwa ne bayan an sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, to abin da muke magana a kai ne. Idan kuwa kwanan wata ne ke komawa shekaru baya duk lokacin da kwamfuta ta kwana a kashe, ɗan batir ɗin nan ne ya ƙare, a canza shi. Idan minti ɗaya ko biyu ne ke zamewa a wata, halin dutsen ne, an yanka shi ya yi aiki daidai a wajen digiri 25 na zafi, kuma yana rage sauri idan aka yi nisa da hakan. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Arewa ba zai yi mamaki ba. Akwai kuma na huɗu da nake yawan gani a kwamfutocin hannu: saɓanin awa takwas ko tara, mai dawowa duk lokacin da aka hau intanet. Wannan shiyyar lokaci ce aka bari a kan ta yammacin Amurka, ana ta gyara awa da hannu ba a taɓa shiyyar ba. A Windows tamu ita ce mai suna West Central Africa, a Linux kuma Africa/Lagos, ko Africa/Niamey ga mutanen Nijar. Duk gyaran da za a yi kafin a daidaita wannan aikin banza ne.

Maganin dai ɗaya ne, a sa ɗaya daga cikin kishiyoyin ta bi tsarin ɗayar. Hanya ta farko ita ce Linux ta sauko. A yawancin nau'o'inta na yanzu, irin su Ubuntu da Mint da Fedora da Debian, idan aka buɗe tagar rubuta umarni, wato Terminal, aka rubuta timedatectl, za ta jero lokacin gari da lokacin duniya da abin da ke cikin ƙwayar agogo, wanda take kira RTC. Sai a tabbatar lokacin da Linux ke nunawa a allo daidai ne, sannan a rubuta:

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Daga nan za ta rubuta lokacin gari a ƙwayar, ta kuma riƙa karanta shi a haka. Idan ana son komawa, sai a sa 0 a madadin 1. Akwai wata jela da ake yawan liƙa wa wannan umarni, wato --adjust-system-clock, kuma da yawa masu liƙa ta ba su san aikinta ba. Ma'anarta ita ce a ɗauko lokaci daga ƙwayar a ɗora wa manhajar, maimakon a ɗauko daga manhajar a rubuta wa ƙwayar. Tana da amfani idan yanzu aka fito daga Windows kuma lokacin can daidai ne. Idan kuwa ƙwayar na ɗauke da lokacin duniya, jelar za ta jawo agogon Linux baya da awa guda nan take.

Hanya ta biyu ita ce Windows ta hau. A cikin kundin saitunanta da ake kira Registry akwai wani maɓalli mai suna RealTimeIsUniversal, wanda ba ya nan sai an ƙirƙire shi. A buɗe Command Prompt da izinin mai kula da kwamfuta, a rubuta wannan, kuma layi ɗaya ne ko da ya karye a shafin jarida:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation" /v RealTimeIsUniversal /t REG_DWORD /d 1 /f

Sai a sake kunna kwamfutar, a hau intanet, a shiga saitin kwanan wata da lokaci a danna Sync now domin a daidaita sau ɗaya. A zamanin Windows XP wannan maɓalli yana da tangarɗa, musamman idan kwamfuta ta farka daga barci, kuma tsoron da wasu ke yi masa daga can ya samo asali. A Windows 10 da 11 yana aiki lafiya. Sai dai Registry ba wurin wasa ba ne. A kwafi umarnin harafi da harafi, kada a taɓa wani abu daban, kada garin neman gira a rasa ido.

Wacce ta fi? A ra'ayina ta biyu, kuma dalilina shi ne wanda na ce a riƙe ɗazu. Lokacin gari abu ne mai sauyawa da tafiya da kuma dokar hukuma, lokacin duniya kuwa ba ya motsi. Malamin da ya tafi taro Saudiyya, ƙwayar agogonsa na kan lokacin gari, idan ya sauya shiyya a Windows za ta rubuta lokacin Saudiyya a ƙwayar. Ya shiga Linux, ita kuma har yanzu a Legas take zaune, sai ta ɗauki wannan a matsayin lokacin Legas, lissafinta ya karkace da awa biyu. A ƙasashen da ake tura agogo gaba da baya abin ya fi muni. A Ingila, daren Lahadin ƙarshe na Oktoba, ƙarfe 1:30 sau biyu yake zuwa, kuma ƙwayar ba ta da hanyar faɗin wanne ne a ciki. Masar ta dawo da irin wannan sauyi a 2023, Maroko kuwa a watan Ramalana take mayar da nata baya, ga kuma ɗalibanmu a duka ƙasashen biyu. Shi ya sa ita kanta Linux, idan aka sa ta bin lokacin gari, take fito da gargaɗin cewa ba za ta iya lamunce wa wannan tsari gaba ɗaya ba. Idan ƙwayar na kan lokacin duniya, babu mai taɓa ta. Kowace manhaja ta yi nata lissafin a allo.

Amma ba zan yi tsaurin ra'ayi a kai ba. Najeriya da Nijar ba sa sauya agogo da rani ko damina. Kwamfutar da ke zaune a ɗakin gwaje-gwajen sashe, wadda ba za ta taɓa ƙetare iyaka ba, babu abin da zai same ta don an bi hanya ta farko. Hasali ma akwai dalilin da zai sa a fifita ta a irin wannan wuri. Mu nan da Windows ta ɗan yi nauyi sai a ce a yi mata fomatin, kuma duk fomatin ɗin da aka yi, maɓallin nan na Registry ya tafi, matsala ta dawo, wanda ya san sirrin kuma wataƙila ya gama karatu ya bar makarantar. Gyaran da aka yi a ɓangaren Linux ya fi daɗewa a irin wannan hali. Wanda kuma kwamfutarsa ke da wadataccen ƙarfi yana iya kauce wa rikicin ɗungurungum, ya riƙa gudanar da Linux a cikin Windows ta hanyar VirtualBox ko WSL, sai dai mai RAM gigabait 4 zai sha jira.

Akwai gyaran gangar Auzinawa iri biyu da ya kamata a kiyaya. Na farko shi ne a yi duka hanyoyin biyu, wai don a ƙara tabbatarwa. Abin da zai faru shi ne kishiyoyin sun yi musayar ra'ayi kawai, Linux na rubuta lokacin gari, Windows na karanta shi a matsayin na duniya, sai a koma ganin awa guda gaba a inda da ake ganin baya. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Mutum ya ga Linux ta yi gaba da awa guda, sai ya mayar da shiyyarta Accra, ya kashe daidaitawa ta intanet, allo ya nuna lokaci daidai, hankalinsa ya kwanta. A ciki kuwa manhajar ta yi imani ƙarfe 10:00 ne a lokacin duniya alhali 9:00 ne. Saƙon imel ɗinsa zai iya isa da lokacin da bai zo ba tukuna, gayyatar taron da aka aiko masa daga wata ƙasa za ta sauka a awar da ba tata ba, lambobin sirrin nan masu shida kuma ba za su taɓa shiga ba.

Abin takaici, tsarin UEFI da ya maye gurbin tsohon BIOS ya tanadi gurbin da za a rubuta shiyyar lokaci tare da lokacin kansa, wanda da an yi amfani da shi da maganar ta mutu. Manyan manhajojin ba su haɗu a kan amfani da shi ba, don haka har yanzu mai kwamfuta ne ke sasanta su da hannunsa.

Wanda ya bi hanya ta biyu ya san cewa daga ranar, idan ya shiga saitin BIOS zai ga agogon can yana baya da na hannunsa da awa guda. Haka ya kamata ya kasance, kada ya gyara. Idan kuma ya kai kwamfutar wurin mai gyara, ko aka canza mata ɗan batir ɗin nan, to ya gaya masa tun kafin ya buɗe ta, domin abu na farko da mai gyara zai yi idan ya ga agogon BIOS a baya shi ne ya dubi wayarsa ya saita shi da lokacin gari.